Abin Lura a Ɗan Akwatin "Zaɓi Jiharka"

Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet ya san shi. Ɗan akwati ne siriri, da 'yar kibiya a gefen dama tana kallon ƙasa. Kana dannawa sunaye su zubo: Abia, Adamawa, Akwa Ibom, har Zamfara. Ka gangara ka tsinci taka, akwatin ya rufe bakinsa. Na ƙasa da shi, wanda ɗazu ba komai a cikinsa, sai ka ga ya cika da ƙananan hukumomin jihar da ka zaɓa. Ɗan makaranta mai rajistar JAMB ta nan yake bi, haka maniyyaci, haka mai neman aikin ɗan sanda, haka wanda zai tura wa mahaifiyarsa kuɗin cefane ta waya, tunda sai ya zaɓi banki. Yaran da ke zaune gaban kwamfuta a shagunan intanet na Suleja, daga kasuwar IBB har Madalla, wuni suke suna danna shi ba tare da sun yi masa kallon kirki ba. Ni kuwa a ganina duk fom ɗin babu gurbin da ya kai shi haɗari. Sauran gurabe da hannunka kake rubutawa, in ka yi kuskure naka ne. Wannan wani ne ya riga ya rubuta maka amsoshin, ya ce ɗauki ɗaya.

Masu gina irin waɗannan shafuka hanya biyu suke bi. Mai gaggawa yakan rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya a cikin jikin shafin, yadda ko harafi guda za a gyara sai an nemo shi. Wanda ya san aikinsa kuwa a rumbun bayanai yake ajiye su, cikin jadawali guda, kowane layi da lambarsa da sunansa. Kana buɗe fom shafin zai aika wa rumbun cewa ba ni jihohi, rumbun ya miƙo. Ka zaɓi Neja, ya sake aikawa: ba ni duk ƙaramar hukumar da ke ƙarƙashin wannan lamba. Sai 25 su fito, daga Agaie zuwa Wushishi. Abin da idonka ke gani suna ne, amma abin da ake adanawa a gaban sunanka lamba ce. Ranar da za a buga maka takarda sai a koma jadawalin a tambaya, wace ce mai wannan lamba? A ce Suleja. A buga Suleja.

Tun daga nan ake fara cin tuntuɓe. Mutumin Minna zai yi ta hawa da sauka yana neman Minna a jerin, ba zai gan ta ba, domin a hukumance Chanchaga ce, wani sashen garin kuma Bosso. Mutumin Madalla da ke sammako kullum zuwa aiki a Abuja, wanda taku kaɗan ne tsakaninsa da Zuba, in ya zaɓi Birnin Tarayya ba zai tarar da gidansu ba. Jerin bai san yadda mutane ke kiran wuri ba. Abin da ya sani shi ne abin da aka jera a Kundin Tsarin Mulkin 1999: ƙananan hukumomi 768 a jihohi, da 6 a Birnin Tarayya, jimilla 774. A cikin na Neja ma akwai wadda har yau bakin masu jeri bai zo ɗaya a kanta ba, wannan ya rubuta Muya, wancan ya rubuta Munya.

Wata rana ina jiran a buga min takarda a wani shago, sai ga wani dattijo da jakar leda cike da takardu, za a cika masa fom na tantance 'yan fansho. Yaron shagon ya jawo masa kujera.

"Baba, a ina aka haife ka?"

"Abuja."

Yaron ko ɗaga kai bai yi ba, ya danna Birnin Tarayya. Akwatin ƙasa ya zubo guda shida, ya karanto masa: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali, da ta cikin birni. "To Baba, wacce a ciki?"

"Babu ko ɗaya, ɗana. Nan nake gaya maka. Nan ɗin nan, bayan fada."

Ya zaro takardar gama firamare. Ta yi ja don tsufa, an manne karyewarta da salatif, ga hatimin makaranta ya dushe amma ana iya karanta shi. Abuja aka rubuta.

"Baba, ai nan Suleja ne."

"Yanzu ba. Lokacin da aka haife ni babu wani gari mai suna Suleja a duniya."

Da gaskiyar dattijo. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi ya yo kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Shekara kusan 150 duk wanda ya ce Abuja, nan yake nufi. Sai ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya yi shelar sababbin jihohi, ciki har da Neja, ya kuma ce za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa kamar yadda kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawara. Aka yanki ƙasa mai yawa daga wannan masarauta, aka haɗa da wadda aka yanko daga Filato da Kwara. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuma aka raɗa masa Suleja daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Ka duba fa: mutumin da aka haifa a shekarun 1950 a bayan fada, an haife shi ne a Abuja, Lardin Neja, Jihar Arewa. A 1967 ya wayi gari a Jihar Arewa maso Yamma, hedikwatarsa Sakkwato. A 1976 ya koma Jihar Neja, hedikwatarsa Minna. Kafin a shiga shekarun 1980 sunan garin ma ya sauya. Shi kuwa ko ɗaki bai canza ba.

Garuruwa da ƙasashe da yawa sun sauya suna. Dahomey ta koma Benin a 1975, Upper Volta ta koma Burkina Faso a 1984, Swaziland ta koma Eswatini a 2018. Waɗannan da sauƙi ga mai riƙe da jeri: tsohon suna ya mutu, a gyara layi guda, duk takardar da ke jingine da wannan lamba ta gyaru da kanta. Na Suleja ya fi wuya, domin sunan bai mutu ba, hannu ya sauya. Yana nan daram a cikin jerin, sai dai wani wuri yake nuni. Duk rumbun da ya adana kalmar Abuja tsagwaronta, ba lamba ba, ya kwashe haihuwar mutanen garin nan da makarantunsu da auratayyarsu ya kai wani birni da ba a aza tubalinsa ba a lokacin. Tukwanen da Ladi Kwali ta gina a cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950, wadda ta shiga a 1954, suna nan a gidajen tarihi na Ingila da sauran ƙasashe da sunan Abuja a jikin bayaninsu. Baƙon da bai sani ba zai zaci a Garki ko Maitama aka gasa su, alhali nan ne, cikin Suleja.

Kowane hedimasta ya san maganin wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. A babbar rajistar makaranta, yaro yana shigowa ake ba shi lambar shiga. Ko Musa Ibrahim uku ne a aji ɗaya ba sa cakuɗewa, don kowa da tasa. In uba ya zo ya ce a ƙara wa ɗansa sunan kaka, sai a gyara sunan, lamba tana nan. In yaro ya bar makaranta ba a yage shafinsa, ba a kuma ba wani lambarsa. A gefe ake rubuta cewa ya tafi, ranar kaza. Bayan shekara talatin in ya dawo neman shaidar ya yi karatu a nan, sai a kaɗe ƙura a buɗe. Abin da wani masanin lissafi na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya tsara a 1970, wanda akasarin rumbunan bayanai ke tafiya a kansa har yau, bai yi nisa da wannan ba: kowane abu a rubuta shi wuri guda da lambar da ba ta sauyawa, sauran wurare su riƙa nuni da lambar.

Kada a zaci haɗuwar suna sai a aji. A cikin 774 ɗin nan akwai Bassa a Kogi akwai Bassa a Filato, akwai Obi a Binuwai akwai Obi a Nasarawa, Surulere tana Legas tana Oyo, Ifelodun da Irepodun kowacce tana Kwara tana Osun, ga Nasarawa ta cikin birnin Kano ga ta Jihar Nasarawa. Wanda ya gina shafinsa a kan suna, ranar da aka ce ya ƙirga 'yan Bassa zai haɗa mutanen jihohi biyu ya miƙa, kuma ba wanda zai lura.

Akwai kuma wanda ya ji an ce lamba, sai ya ɗauki matsayin abu a jeri ya mai da shi lambarsa: na farko, na biyu, na uku. Wannan ya fi mai adana suna ɓarna. Kafin Oktoban 1996 jihohi 30 ne, in ka jera su bisa haruffa ka ajiye Birnin Tarayya gefe, Neja ce ta 21. Sai Janar Abacha ya ƙara shida, biyar daga cikinsu suka shigo gabanta: Bayelsa, Ebonyi, Ekiti, Gombe, Nasarawa. Neja ta koma ta 26, kujerar ta 21 kuma Kebbi ta hau. Da akwai rumbun da ya adana matsayi a lokacin, da duk ɗan Neja ya kwana ya tashi ɗan Kebbi. Kuma kada wani ya ce ai an gama ƙirƙiro jihohi. Duk zaman gyaran tsarin mulki sai an shigo da buƙatu tuli. Masu karin magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma a 1996 ɗin hakan aka yi, tare aka ɗebe su daga Filato zuwa Nasarawa.

Amma inda aka fi yin asara, kuma ba a ji ba a gani, shi ne wajen gogewa. Mai kula da shafi yana son tsabta. Ya ga abu ya daina aiki, sai hannunsa ya tafi kan maɓallin share. A ce makaranta ce mai shafin sakamakon jarrabawa, akwai jerin malamai da ake zaɓa a gaban kowane darasi. Malamin lissafi ya samu wani aikin ya tafi, akawu ya ce bari in cire shi kada a yi ta zaɓarsa. Ɗayan uku ne zai faru, gwargwadon yadda aka gina rumbun. Ko dai rumbun ya ƙi, ya ce akwai sakamakon da ke rataye da wannan lamba; akawu zai yi tsaki, amma wannan ƙin shi ne alheri. Ko ya yarda, sakamakon shekarun baya su zama marayu, a buɗe a ga gurbin malami fayau. Ko kuma, in maginin ya saita shi da cewa duk abin da ke rataye da wanda aka goge ya bi shi, sai malamin ya tafi da makin ɗalibansa gaba ɗaya. Ba za a farga ba sai ranar da wata tsohuwar ɗaliba ta zo karɓar takardar sakamakonta.

Akwai ta huɗu, wadda ta fi su duka mugunta don ba ta da ƙara. Borgu a Jihar Kwara take har zuwa Agustan 1991, lokacin da Janar Babangida ya mai da ita Neja, a ranar da ya raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba, ya raba Bendel zuwa Edo da Delta. Ɗauki ma'aikacin da aka haifa a New Bussa a shekarun 1980, aka kwafo tsohon fayil ɗinsa zuwa kwamfuta yadda yake: jihar haihuwa Kwara, ƙaramar hukuma Borgu. Ya zo ofis don a canza masa lambar waya kawai. Akawu ya buɗe fom ɗinsa. Akwatin jiha ya nuna Kwara, ya aika a kawo ƙananan hukumominta na yau, guda 16, babu Borgu a ciki. Akwatin zaɓi kuwa ba ya zama haka nan. In bai ga abin da aka ce ya nuna ba, kan na farko yake faɗawa. Na farko a Kwara ita ce Asa. Akawu idonsa na kan lambar waya, ya gyara, ya danna adana. Shi ke nan, mutumin gaɓar Kainji ya koma haifaffen gefen Ilorin. Ba wanda ya yi niyya, ba wanda ya gani, kuma in aka tambayi akawun zai rantse da Alƙur'ani bai taɓa wurin ba. Rantsuwarsa kuma gaskiya ce.

Gyaran bai kai girman ɓarnar ba. A ƙara wa jadawalin gurbi guda da ke cewa wannan yana aiki ko ya daina. Wanda ya daina a ɓoye shi ga mai sabuwar rajista, amma a bar shi yana fitowa ga duk wanda tun asali shi ke gabansa. Mai zurfin tunani zai ƙara ranar da abu ya fara da ranar da ya ƙare, da lambar wanda ya gaje shi. Da haka fom zai iya karɓar cewa an haifi mutum a Gongola a 1980, ya ƙi karɓar haka ga wanda aka haifa a 1995. Da haka kuma dattijon shagon nan zai sami Abujarsa, a buga masa ita da bayanin cewa yau Suleja ce, takardar firamarensa da ta kwamfuta su daina ƙaryata juna.

Bankuna dole ta koya musu wannan darasi, don su kuɗi ne a tsakani. Bayan da Babban Banki a zamanin Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Bankin Arewa, inda iyayenmu da dama ke karɓar albashi, ya narke cikin Unity. Skye ya koma Polaris a 2018. Diamond ya shige Access a 2019. Duk mai POS a garin nan ya san a wasu manhajojin Access biyu ne, ɗaya an liƙa masa Diamond a gefe. Ba mantuwa ba ce. Lambar Access 044 ce, ta Diamond 063, kuma lambobin asusun tsofaffin masu ajiya da lambar bankinsu aka ƙulla su, saboda haka aka sauya sunan aka ƙyale lambar. Ranar 3 ga Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin Heritage. Daidai ne a cire shi daga jerin inda za a tura kuɗi, amma manhajar da ta shafe shi ƙurmus ta bar mutane da tsofaffin rasit marasa sunan banki, a daidai lokacin da masu ajiya ke buƙatar kowace shaida don karɓar haƙƙinsu.

Sauran kurakuran ƙanana ne, sai dai yawansu. Fom ɗin da ya buɗe da Abia a zaɓe tun farko, maimakon layin da ke cewa zaɓi ɗaya, ya tara wa Abia 'ya'yan da ba ta haifa ba, domin duk wanda ya tsallake gurbin can aka kai shi. A jerin ƙasashe kuwa Jamhuriyar Nijar ce ke zaune daf a saman Najeriya, kuma da Turanci sunanta ɗaya da jiharmu. Ɗan Neja mai sauri ya gan shi ya ce ga tamu, sai lambar waya ta koma 227 maimakon 234. Akwai shafin da za ka cike tsaf ka tura, ya dawo maka da jan rubutu cewa hotonka ya yi nauyi, ka gyara hoton ka sake turawa, ba ka lura duk akwatunan sun koma kan na farko ba. Maginin ne ya sa shafin ya sake ɗebo jerin daga rumbu bai gaya masa ya tuna abin da ka zaɓa ba. Akwai wanda in ka canza jiha, ƙaramar hukumar da ka zaɓa ɗazu tana nan maƙale, ko sabis ya yi rauni jerin bai iso ba ka riga ka wuce, sai a sami ɗan Jihar Kaduna daga ƙaramar hukumar Suleja. Rumbun da ya san ciwon kansa ba ya yarda da abin da shafi ya kawo masa sai ya duba da kansa, wannan lamba ƙarƙashin waccan take? Ga kuma Jama'are da Jema'a, waɗanda ɗan wakafin da ke tsakiyar sunansu kan rikita shafin da aka gina da ganganci, kuma ta wannan kafar ce ɓarayin intanet ke shiga. Ƙanƙara da Ɗanja da Ƙafur kuwa sun daɗe da haƙura da lanƙwasar haruffansu.

Wani zai ce duk wannan ai ɗan kuskure ne, me ya yi zafi? A ƙasar nan ba ƙarami ba ne. Jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabensu bisa cancanta suke bayarwa, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da su, kashi 20 ga jihohin da aka ce an bari a baya a ilimin boko. Ɗaukar aiki a gwamnatin tarayya da rabon jiha da ƙaramar hukuma yake tafiya, akwai hukuma sukutum da aka kafa don haka. Yaro ya ci jarrabawa, ya je wurin tantancewa da takardar shaidar ɗan asalin Suleja, silif ɗinsa kuma ya ce Shiroro, wadda ke kwance daidai samanta a jeri, sai a ce koma ka gyara. Gyaran kuwa kuɗi ne, da takardar rantsuwa a kotu, da layi, wani lokaci da tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Minna, kuma ba lallai ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe ba. Maginin shafin yana can bai san ana yi ba. Ɗan talaka ne ke biya.

Sai maganar wanda babu shi a jerin sam. Jiha da ƙaramar hukuma doka ta ƙayyade su, amma fom ba nan yake tsayawa ba: yana tambayar ƙabila, da sana'a, da unguwa, da makarantar da aka gama. A masarautar nan, daga Suleja zuwa Tafa da Gurara, akwai Gbagyi, akwai Koro, akwai Gwandara da Gade da wasunsu. Fom ɗin da ya kawo manyan ƙabilu uku ya rufe da Sauransu, ya ce wa mutanen da aka tarar a ƙasar nan su ne ragowa. Matar da ke gina tukwane, da mai faskare, da ɗan acaɓa, da mai sana'ar POS da shekarun baya kaɗan babu ita, kowa sai ya laɓe ƙarƙashin ɗan kasuwa ko ya faɗa Sauransu. Ban ce a cire wannan gurbi ba. Fom ɗin da ba shi da shi tilasta wa mutane ƙarya yake yi. Abin da nake cewa, a sa masa wurin rubutu a gefe, kuma a sami wanda zai riƙa karanta abin da aka rubuta. In mutum hamsin suka rubuta abu guda, ya isa a ba shi layinsa da lambarsa. Ɗaya gefen ma akwai rami: shafin da ya bar kowa ya ƙara abin da ya ga dama, kafin shekara ta zagayo za ka tarar da Suleja iri huɗu, wata da manyan haruffa, wata da ƙarin harafi, wata da tazara a ƙarshe da ido ba ya gani, kowacce da lambarta, kowacce da mutanenta.

Duk wannan yana komawa ga tambayar da ba kasafai ake yi ba ranar ba da kwangila: in an gama, wa zai riƙe jerin? Hukumar zaɓe tana da masu wannan aiki, shi ya sa da ta ƙara rumfunan zaɓe a 2021 suka kai 176,846, kowace sabuwa ta shiga ƙarƙashin mazaɓarta da lambarta, tsofaffin kuma ba a taɓa nasu ba. Amma makarantar kuɗi ta unguwa, da ƙaramin asibiti, da ƙungiyar 'yan kasuwa, da ofishin da ya sa ɗan wani ya gina masa shafi, yawanci ba su da kowa. An yi bikin buɗewa, an ɗauki hoto, maginin ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi hidimar ƙasa ko ya canza layi. Shekara ta zagayo, an buɗe sabon aji, an ɗauki sabon likita, an raba unguwa biyu, ba mai iya ƙarawa. Sai ka ji ma'aikaciya tana cewa, zaɓi kowanne kawai, za mu gyara da biro. Daga ranar da aka fara faɗin haka, abin da ke cikin rumbun ya daina zama abin dogaro, ko da kuwa shafin yana ta walƙiya.

Aikin ba na injiniya ba ne. Maginin kirki yakan bar wani shafi na ciki inda ma'aikaci guda, wanda aka sani da suna, zai iya ƙara abu, ya gyara rubutunsa, ya ɓoye wanda ya daina aiki, ba tare da ya iya shafe shi ba. Kuma rumbun ya riƙa rubuta wa ya taɓa me, yaushe. Akawun da ya iya riƙe fayil zai iya wannan cikin wuni guda. Abin da ya gagara shi ne shugaba ya yarda cewa aiki ne, ya ɗora wa wani, ya riƙa tambayarsa.

Mai zuwa shagon intanet kuma, kada kunya ta hana ka cewa, ɗana, juyo min fuskar kwamfutar in gani. Karanta jiha, karanta ƙaramar hukuma, karanta ƙasa, kafin a tura. In shafin ya dawo da jan rubutu, sake karanta su daga farko. Wanda bai iya karatu ba ya sa a karanto masa da ƙarfi. A daina bari sai ranar rufe rajista, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma masu makarantu da asibitoci da shugabannin ofisoshi da ke shirin biyan mai gina muku shafi, kafin ku miƙa cikon kuɗin ku zaunar da shi gaban kwamfuta. Ku sa akawunku, ba shi ba, ya ƙara sabon abu a jeri. Ku sa ya ɓoye wani tsoho. Sannan ku buɗe fayil ɗin mutumin da ke rataye da wannan tsohon, ku canza lambar wayarsa, ku adana, ku sake buɗewa ku duba ko abinsa yana nan yadda yake. In ya sauya, ku riƙe kuɗinku sai ya gyara.